Tulunan Jojiya: Sana'ar Inabin da Gidaje Suka Hana Ta Mutuwa

A ƙauyen Chardakhi, arewa maso yammacin Tibilisi babban birnin Jojiya, akwai wata gonar inabi da ba ta wuce hekta 2 ba. Mai ita, Iago Bitarishvili, ya duƙufa ne kan iri ɗaya, wani farin inabi da ake kira Chinuri, kuma abin da gidansa ke fitarwa a shekara bai wuce kwalabe dubu kaɗan ba. Babban kamfani a Faransa ko Italiya zai cika wannan adadin kafin ma'aikata su tashi cin abincin rana. Duk da haka sunan gidan ya shiga tarihin sana'ar. A 2003 Bitarishvili ya fara zuba giyar inabinsa a kwalba da sunansa, lokacin da maƙwabta ke ganin giyar gida ta gida ce kawai. A 2005 kuma gonarsa ta zama gonar inabi ta farko a ƙasar da ta samu takardar shaidar noma ba takin zamani, ba maganin kashe ciyawa.

Abin da ya zuba a kwalbar tsohon abu ne. A ƙauyukan da ake noman inabi a Jojiya, da wuya ka shiga tsohon gida ba ka tarar da ɗaki ko rumfa da ake kira marani ba, inda aka binne manyan tulunan yumɓu har wuya, bakinsu kaɗai ke daidai da daɓe. Kwebri suke kiran tulun. Yana da faɗin ciki da tsukakken gindi, don haka ba ya tsayuwa sai a rami. Ƙananan na cin lita 20 ko 50, na masu sana'a na cin lita 1,000 zuwa 2,000, akwai kuma tsofaffin da suka fi haka nesa, waɗanda ƙato zai shiga da tsani ya miƙe tsaye kansa bai leƙo ba. Dabarar ita ce ta randar da ake binne gindinta a tsakar gida don ruwa ya yi sanyi: ƙasa na riƙe abin da ke ciki a yanayi ɗaya, wajen digiri 13 zuwa 15, ko rana na dukan rufin ko dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi.

Yadda shekara ke tafiya

Aikin yana farawa tun sanyi bai gama wucewa ba, da datse rassan kuranga da ɗaure waɗanda aka bari. Daga nan sai noma tsakanin layuka da fizge ganyen da ya yi yawa don iska ta ratsa. Masu bin hanyar gargajiya ba sa fesa komai sai farar wuta da ruwan sinadarin jan ƙarfe, maganin fumfunar ganye da aka sani tun ƙarni na 19. A Kakheti, lardin gabas da ke noma mafi yawan inabin ƙasar, babban abin tsoro shi ne ƙanƙara, wadda kan share wahalar shekara a cikin 'yan mintoci. Shi ya sa tun 2015 gwamnati ta girke na'urorin harba rokoki cikin hadari don rage girman ƙanƙarar kafin ta faɗo.

Kaka tana zuwa a Satumba da Oktoba, kuma aikin gayya ce da ake kira rtveli. 'Yan'uwan da ke birni sukan dawo ƙauye, yara da tsofaffi kowa da wuƙarsa da kwandonsa. Chinuri na cikin masu jinkirin nuna, sai Oktoba ta yi nisa ake yanke shi. A da, cikin wani dogon kwami da aka fafe daga gungumen itace guda ake zuba inabin, maza su tattake shi da ƙafa, ruwan na bin ƙaramar magudana yana faɗawa cikin tulu. Yau da yawa sun koma ƙaramin injin murƙushewa, amma abin da ke biyo baya bai canza ba.

A nan hanyar Jojiya ta rabu da ta Turai. Bature in zai yi farar giya, yakan matse ruwan ya watsar da tuƙar. Mutumin Kakheti kuwa yana zuba duka, da ruwa da ɓawo da ƙwallaye, sau da yawa har da tsinkayen gungun, ya bar wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tulun ba komai don kada ya yi ambaliya. Ba a ƙara yisti, wanda ke jikin ɓawon ya isa. Cikin kwana biyu ko uku sai tulun ya fara kumfa yana tafasa ba wuta, tuƙar ta taso sama ta yi kauri. Sau da yawa a rana, har da tsakar dare, sai wani ya ɗauki doguwar sanda ya danna ta ƙasa, in ba haka ba ta bushe ta yi tsami ta ɓata duka. Haka za a yi ta fama mako biyu zuwa uku. In ya lafa, a cika tulun, a ɗora faifan dutse ko na gilashi a baki, a liƙe da ɗanyen yumɓu, a rufe da yashi.

Sai kuma jira na wata biyar ko shida. Tsukakken gindin nan shi ke aikin tacewa: ƙwallaye su fara nutsewa su taru can ƙasa, tuƙa ta kwanta a kansu, ruwan ya tsaya garau a sama. Idan aka buɗe a Maris ko Afrilu, a kwasa da ludayin duma mai dogon hannu, farin inabi ya ba da ruwa mai launin zuma, mai ɗan bauri a harshe. A Imereti, lardin da ke yammacin ƙasar, kaɗan daga cikin tuƙar suke sawa, ba tsinkaye, don haka nasu ya fi sauƙin baki. Ba abin da ake zubarwa. Tuƙar da ta rage ana dafa ta a fitar da barasa mai ƙarfi da ake kira chacha. Ruwan inabin da ba a tsima ba kuma ana dama shi da gari ya yi kauri, a tsoma zaren da aka jera wa 'ya'yan walnat, a shanya. Wannan ita ce churchkhela, alawar da ke rataye a kowace kasuwa a ƙasar.

Mafi wuyar aikin shi ne wanki. Mutum ne zai shiga cikin tulun da goga ta ɓawon itacen ceri, ya yi ta dirza da ruwan zafi da ruwan toka ko na farar ƙasa, a kwashe, a sake, har sai ruwan ya fito tas. Tulun da aka yi wa wankin ganin ido yakan lalata amfanin shekara guda. Akwai kuma haɗari, don iskar da tsimuwa ke fitarwa tana kwanciya a ƙasan tulu ta shaƙe mutum, shi ya sa ake fara zura kyandir a ga ko zai mutu.

Daga zamanin dutse zuwa zamanin sarakuna

A Nuwamba 2017 wata tawagar masana da ta haɗa Gidan Tarihin Ƙasa na Jojiya, Jami'ar Toronto da Patrick McGovern na Jami'ar Pennsylvania ta bayyana abin da ta gano a Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, tsofaffin kufai biyu kimanin kilomita 50 kudu da Tibilisi. A jikin katangar tukwane sun samu ragowar wani sinadari mai tsami da ake samu da yawa a inabi. Shekarun tukwanen sun kama daga 6000 zuwa 5800 kafin haihuwar Annabi Isa, wato sun girmi na Hajji Firuz da ke Iran, waɗanda a da ake ɗauka su ne mafi tsufa, da ɗaruruwan shekaru. Tulunan wancan zamani ba su kai na yau ba, manyansu na cin wajen lita 300, amma inabi da yumɓu sun riga sun haɗu.

Da Kiristanci ya shigo a ƙarni na 4, ya tarar da kuranga ta riga shi zama. Labarin coci ya ce Nino, matar da ta kawo addinin, da rassan inabi ta haɗa gicciyenta ta ɗaure da gashin kanta. Gidajen ruhubanawa irin su Alaverdi da Ikalto a Kakheti sun mallaki gonaki da marani nasu. A gidajen talakawa ma akan keɓe tulu guda, zedashe, wanda ba a taɓawa sai ranar ibada ko tunawa da mamata. Biki da makoki duk a teburin supra ake yinsu, ƙarƙashin jagorancin tamada, mutumin da ke tsara jawabai, kuma abin kunya ne mai gida ya kawo wa baƙi abin da ba daga tulunsa ya fito ba.

Ƙasar tana tsakanin manyan dauloli, kowacce kuma ta bar tabonta. Shah Abbas na Farisa ya afka wa Kakheti tsakanin 1614 da 1617, ya ƙone garuruwa ya kwashi dubban mutane zuwa Iran, inda zuriyarsu ke zaune har yau a yankin Fereydan. A kudu maso yamma, Meskheti da Adjara sun daɗe ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Jama'a da yawa sun musulunta, yin giya ya ja baya, aka koma noman inabin ci da na dafawa a yi zuma, wasu kurangun kuma suka koma daji suna hawa bishiyoyi. A sauran wurare, duk lokacin da yaƙi ya lafa mutane suka dawo kufansu, sukan tarar an sare gona an ƙone rufi, amma tulun da ke ƙarƙashin ƙasa yana nan.

A 1801 Rasha ta haɗiye masarautar gabashin Jojiya. Da ita ne salon Turai ya shigo. Yarima Alexander Chavchavadze, mawaƙi kuma janar na soja, ya kafa gidan giya irin na Faransa a gandunsa na Tsinandali, da gangunan katako da kwalabe. Har yanzu akwai kwalbar 1841 a ɗakin ajiyar gidan. A 1854 mayaƙan Imam Shamil na Dagestan suka kai hari Tsinandali suka tafi da matan gidan da yara. Fansar da aka biya ta jefa iyalin cikin bashi, daga baya gandun ya koma hannun gidan sarautar Rasha. Tun shigowar salon Turai aka samu hanya biyu: ta ganga da kwalba, wadda ta zama ta manya da kasuwa, da ta tulu, wadda aka bar wa ƙauye.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya zo da annoba. Fumfuna da wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa da ya fito daga Amurka, filoksera, suka cinye gonaki kamar yadda suka yi a Faransa. A yamma, inda ake barin kuranga ta hau bishiya, ɓarnar ta fi muni don feshi ba ya kai wa can. Maganin da aka samu shi ne yi wa irin gida aure da saiwar inabin Amurka, aikin da gandun renon tsire-tsire na Sakara a Imereti ya jagoranta a shekarun 1890 ƙarƙashin Vladimir Staroselsky.

Lokacin da gwamnati ta zama mai gona

Sojojin kwaminis na Rasha sun shiga Tibilisi a 1921. A 1929 aka kafa Samtrest, hukumar da ta riƙe harkar giya gaba ɗaya, aka kuma tattara gonaki suka zama na gama-kai. Mosko yawa take so. Jojiya na da irin inabi na gida fiye da 500, amma tsarin gwamnati ya zaɓi 'yan kaɗan masu yawan 'ya'ya da juriya, musamman farin Rkatsiteli da baƙin Saperavi, ya shimfiɗa su a dubban hektoci. Har lamba aka riƙa sa wa giya: Tsinandali ta ɗaya, Khvanchkara ta 20. Tankunan ƙarfe da na siminti suka cika masana'antu. Wasu masana'antun sun ci gaba da amfani da tuluna, amma wankin da ke cin kwanaki bai dace da ma'aikacin da ke jiran albashi ba. An shafe cikin wasu da siminti, an watsar da wasu.

Akwai dai wata ƙofa da tsarin ya bari a buɗe. Kowane manomi yana da 'yar gonar bayan gida, kuma doka ba ta hana shi yin giyar da iyalinsa za su sha ba. A waɗannan 'yan filaye ne irin inabi kamar Kisi da Khikhvi da wasu da yawa suka tsira, layi ɗaya a nan, kuranga biyu a can. A nan ne kuma yaro ya ga kakansa na danna tuƙa da dare, ya koyi gane tulun da ya wanku daga warinsa. Manomi yakan kai wa masana'anta inabin gonar gwamnati da rana, ya dawo ya kula da nasa da yamma, kuma kowa ya san wanne ake kawo wa baƙo.

A 1985 Mikhail Gorbachev ya ƙaddamar da yaƙi da shan barasa, aka tumɓuke gonakin inabi a sassan Tarayyar Sobiyet. Bayan 'yancin kai a 1991 sai yaƙin basasa da rushewar masana'antu suka biyo. Rabon filaye da aka fara a 1992 ya ba gidan manomi abin da bai wuce hekta 1.25 ba. Da yake ba mai sayen inabi, da yawa suka cire kuranga suka shuka alkama da kankana. Faɗin gonakin inabin ƙasar ya ragu da fiye da rabi. Kamfanonin da suka taso daga baya kasuwa ɗaya suka sani, Rasha, wadda ke son jar giya mai zaƙi-zaƙi, kuma jabu ya cika ta.

Takunkumin 2006

A ƙarshen Maris 2006 babban jami'in tsaftar abinci na Rasha, Gennady Onishchenko, ya haramta shigar da giyar Jojiya da ta Moldoba, yana cewa an samu maganin ƙwari a ciki. A Tibilisi an ɗauki matakin a matsayin horo ga gwamnatin Mikheil Saakashvili da ta juya fuska zuwa Yamma. Fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da ƙasar ke fitarwa Rasha yake zuwa, sai ga shi ƙofar ta rufe, kuma ba ta sake buɗewa ba sai 2013.

Manyan kamfanoni sun sha wuya. Neman sabuwar kasuwa kuma ya nuna wani abu: a Landan ko Tokyo ba wanda ke buƙatar kwaikwayon giyar Faransa daga Jojiya, alhali abin da ke binne a marani shi ne ya bambanta ta. A Turai ma an riga an fara waiwayen tulun. Josko Gravner, wani sanannen mai gonar inabi a arewa maso gabashin Italiya, ya ziyarci Jojiya a 2000, ya yi odar tuluna, daga 2001 ya fara tsima inabinsa a cikinsu.

'Yan tsirarun da suka fara kai giyar tulu kasuwa a gida sun san juna. Akwai Bitarishvili a yankin Kartli. Akwai Soliko Tsaishvili, masanin adabi da ya haɗu da abokansa suka kama gonaki a Kakheti. Akwai Ramaz Nikoladze a ƙauyen Nakhshirghele na Imereti, mai noman inabin Tsitska da Tsolikouri. A 2007 wani mai zane Ba'amurke, John Wurdeman, da manomi Gela Patalishvili suka kafa gidan giya na Pheasant's Tears a yankin Sighnaghi. Ruhubanawan Alaverdi sun gyara tsohon maraninsu, a 2011 kuma suka karɓi baƙuncin taron duniya na farko kan kwebri. A 2012 wasu daga cikin waɗannan manoma suka haɗa kai suka buɗe Ghvino Underground, wani ɗan shago a ƙarƙashin ƙasa a tsohon garin Tibilisi, don su samu inda za su sayar da kayansu. A Disamba 2013, a taronta na Baku, UNESCO ta sa hanyar tulu cikin jerin al'adun gado na duniya.

Sana'ar ta kuma sake fuska a cikin gida. A al'ada marani wurin maza ne, ko da yake mata na cikin aikin gona tun fil azal. A 2012 Marina Kurtanidze, matar Bitarishvili, da ƙawarta Tea Melanashvili suka fitar da giya da sunan Mandili, wadda ake lissafawa ta farko da mata suka kai kasuwa a ƙasar. A ƙauyen Obcha na Imereti, Baia Abuladze da 'yan'uwanta suka mayar da gonar iyayensu sana'a a 2015, a 2019 kuma mujallar Forbes ta sa ta cikin fitattun matasan Turai 'yan ƙasa da shekara 30. Masu neman irin da ya ɓace suna zuwa Jighaura, kusa da garin Mtskheta, inda aka tara irin inabin gida fiye da 400 a gona guda, su karɓi reshe su kai ƙauyensu.

Maginan tulu

Duk wannan ya dogara ne kan wasu gidaje ƙalilan da suka iya gina tulun. Suna Vardisubani kusa da Telavi a Kakheti, da Shrosha, Makatubani da Tkemlovana a Imereti. Gidan Kbilashvili a Vardisubani da na Bozhadze a Makatubani na cikin waɗanda suka gaji aikin kaka da kakanni.

Ba a ɗora babban tulu a kan faifan juyi. Magini yana fara gindin, sannan ya mulmula yumɓu ya yi tsawo, ya zagaya da shi, ya lailaye da yatsu. Ba ya ƙara da yawa a lokaci guda, sai ya bar shi kwana biyu ko uku ya sha iska, don in ya yi gaggawa nauyin sama zai durƙusar da na ƙasa. Shi ya sa yake jera tuluna da yawa a ɗaki ɗaya yana bin su bi da bi, yana rufe bakin kowanne don kada ya bushe kafin zagaye na gaba. Jeri guda yakan ci wata biyu zuwa uku, ga makonnin shanya. Daga nan maza da yawa su taru su tura su cikin ɗakin gashi na bulo, a toshe ƙofar da bulo, a yi ta cusa itace dare da rana kusan mako guda har zafin ya kai wajen digiri 1,000. Tun tulun da sauran ɗumi ake shafe cikinsa da kakin zuma don ya toshe manyan ƙofofin yumɓun, a waje kuma a shafa farar ƙasa. Sanyi na hana aikin, don haka daga bazara zuwa kaka kaɗai ake gini.

Yanzu oda na zuwa daga Italiya, Faransa, Amurka da Ostireliya, mai so kuma sai ya shiga layi. A 2021 Jojiya ta yi wa sunan kwebri rajista ta doka, ta ƙayyade irin yumɓu da yadda za a gina shi, saboda tulun da bai gasu da kyau ba ya fara yawa a kasuwa, kuma ba a gane shi sai ya riga ya shiga rami.

Gidajen da ke zuba giyar tulu a kwalba sun tashi daga 'yan ƙalilan zuwa ɗaruruwa, amma duk abin da suke fitarwa bai kai kashi 10 cikin 100 na giyar ƙasar ba. Sauran daga tankunan manyan kamfanoni yake fitowa, kuma tun da aka ɗage takunkumi Rasha ta koma sayen fiye da rabin abin da ake fitarwa. Ƙananan gidaje sun fi karkata ga Japan, Amurka da ƙasashen Turai, da kuma baƙin da ke zuwa ƙauye su ci abinci a tsakar gida su sayi kwalba biyu ko uku. Da yawansu daga wannan ciniki na ƙofar gida suke samun kuɗin biyan masu yankan inabi da na odar sabon tulu daga Vardisubani ko Makatubani.